Nono Daga Bakin Saniya Yake Farawa

Kowace shekara in bazara ta kama, maganar ɗaya ce daga Ƙofar Jatau har Kasuwar Zariya: nono ya yi wuya, man shanu ya tashi, ƙwaryar da Fulani ke shigo da ita birni ba ta kai ta damina ba. Masu fura su ce algus ne, masu tallan su rantse ba su zuba ruwa ba. To, algus dai akwai shi, amma sau da yawa laifin yana can ruga, cikin tumbin saniya. Shi ne muka ga ya kamata mu warware.

Saniya ba ta narka ciyawa da kanta. Cikin tumbinta akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ke ruɓar da abin da ta ci, daga nan jikinta ya sami abin yin nono da maiƙo. Su kuwa ƙwayoyin nan sai da abinci mai gina jiki suke aiki sosai. Da damina ɗanyar ciyawa ta wadatar da su, shi ya sa nono ke yawa, man kuma ya fito ɗorawa-ɗorawa. Da rani ciyawa ta bushe, amfaninta ya ragu ƙwarai, saniya ta cika ciki da karan dawa amma tana ramewa. Tatsa ta ragu, man ya yi fari, mai burga ta sha wahala kan ɗan curi.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne wata biyun farko bayan haihuwa, gama a nan ne ta fi kawo nono. In abinci bai ishe ta ba, sai ta dinga narkar da kitsen jikinta tana ba maraƙi. In abin ya yi tsanani ta daina cin abinci, numfashinta da nononta su ɗauki wani wari, ta kuma daɗe ba ta ɗauki wani ciki ba. Hasara biyu ke nan. Sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Amma fa kada a ce tun da haka ne a bunƙa mata dusa ko hatsi ba awo. Masu kiwon gida cikin birni su suka fi faɗawa wannan. Dusa in ta yi yawa, ciyawa ta yi kaɗan, tumbi ya yi tsami, saniya ta rage tuƙa, ta yi zawo. Nonon ya yi ruwa-ruwa, maiƙonsa ya faɗi, ko da ba wanda ya taɓa shi. Maganin shi ne a haɗa: harawar wake ko ta gyaɗa, da ciyawa, sa'an nan dusa da angurya daidai gwargwado, a riƙa ƙarawa sannu-sannu. A sa mata gishiri ko kanwa. Ruwan sha kuwa kada a yi ƙwauro, don wajen kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Gonar dabbobi ta Shika, wadda aka kafa a 1928, ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a 1976 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A can aka yi ta haɗa farar saniyarmu Bunaji da shanun Turai masu yawan nono. Sai dai mai sha'awar irin waɗannan ya sani, yawan nononsu yawan cinsu, kuma sun fi Bunaji saurin faɗuwa in an gaza musu.

Ga abin da mai saye zai duba. Nonon da ya yi gishiri-gishiri ko gudaji-gudaji tun wurin tatsa, alamar ciwon hantsa ce, ba na sayarwa ba ne. Madarar da ta ƙi kwana ta zama kindirmo, wataƙila an yi wa saniyar allura ba a jira kwanakin da malamin dabbobi ya faɗa ba, don maganin yana kashe abin da ke sa ta daskare. Dusa ko angurya mai fumfuna kuwa dafinta yana bi ta jini ya shiga nono, tafasawa ba ta fid da shi. Duk da haka madara a tafasa ta kafin a sha, saboda tarin fuka da bakkale.

Shawararmu ga makiyaya da masu kiwon gida: a sayi harawa da dusa tun da kaka suna araha, a ajiye inda laima ba ta kai. In abincin bai isa garke duka ba, a fara da masu tatsa da masu tsohon ciki. Ku kuma masu fura, ku riƙe mai kawo muku nono mai kyau, ku biya ta farashin rani ba da ƙunƙuni ba, don da kuɗin nan za a ci da saniyar.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya kai mu damina lafiya. Haza wassalam.