Wayar Iska: Saƙon Da Ba Ya Bin Igiya

A zamanin dā, in Sarkin Gwandu yana da saƙo zuwa Kalgo, sai malami ya rubuta takarda, manzo ya ɗaura sirdi. In damina ta ɓata hanya, saƙo ya kwana a daji. Da Turawa suka zo, suka kafa sanduna, suka ja igiyar ƙarfe daga gari zuwa gari. Daga nan ne muka sami kalmar "buga waya". Amma igiya tana da aibu ɗaya: kowa na iya yanke ta.

Wani saurayi ɗan Italiya, Markoni, ya gwada aika saƙo ba igiya a 1895. Ba murya ake aikawa ba a lokacin. Ma'aikaci yakan danna wani ɗan maɓalli, gajere ko dogo, kowane harafi da irin bugunsa, kusan yadda mai kalangu yake kiran sunan mutum, wanda ya san kiɗan ya gane. Ran 12 ga Disamba 1901 harafin S, bugu uku gajeru, ya haye teku daga Ingila zuwa Niyufanlan. Mu Hausawa muka raɗa wa abin suna wayar iska, ko da yake ba iska ce take ɗaukarsa ba, ƙarfin lantarki ne.

Mu duba abin da ya faru nan kusa da mu. Jamus ta gina babbar tashar wayar iska a Kamina, ƙasar Togo, tana magana da Nawen kusa da Balin, tafiyar kilomita wajen 5,000. Da yaƙi ya tashi a 1914, Ingila ta yanke igiyoyin Jamus na ƙarƙashin teku. Sai Kamina ta zama bakin Jamus a Afirka, tana gargaɗin jiragen ruwanta su gudu su fake. Saboda haka aka tura sojan Gwalkwas, rundunar da asalinta daga 'yan sandan Hausa ne, tare da sojan Faransa. Ba ƙasar Togo ce ta fi damunsu ba, sandunan nan ne. Da Jamusawa suka ga ba mafita, suka rushe tashar da hannunsu, suka miƙa wuya ran 26 ga Agusta.

Manyan jiragen ruwa sun bar irin wannan bugu a 1999. Amma wayar da ke aljihun manomi a kasuwar Kalgo jikanyarsa ce, hanyar saƙonsu ɗaya.