Batir Ɗaya Mai Rauni Yakan Kashe Wutar Duka

Ana yawan kawo mana kuka cewa wutar sola ta majami'a ko ta ɗakin shan magani tana ɗaukewa tun kafin tsakar dare. Sau da yawa ba dukan baturan ne suka mutu ba. Ɗaya ne ya raunana, ya ja sauran ƙasa, domin a jere aka haɗa su.

Haka yake a motocin zamani masu amfani da fetur da batir tare. Babban batirin Toyota Prius ta 2004 ƙananan batura 28 ne a jere, kowanne bolt 7.2. Idan ɗaya ya gaza, motar takan nuna alamar matsala, sai makaniki ya auna su ɗaya bayan ɗaya. Wutar irin wannan mota ta kai bolt 200, tana iya kisa, saboda haka aikin ƙwararre ne. Amma baturan sola masu bolt 12, za mu iya gwada su da kanmu.

1. A bari su cika da rana, a raba wayoyinsu, su huta na 'yan sa'o'i.
2. A auna kowanne da mita. Mai lafiya zai nuna wajen 12.6. Wanda ya nuna wajen 10.5, ɗaya daga cikin ɗakuna shida da ke cikinsa ya mutu.
3. A haɗa wa kowanne ƙwan fitilar mota na minti 15, a sake aunawa yana ci. Wanda lambarsa ta fāɗi da sauri fiye da na sauran, shi ne mai rauni.
4. A rubuta lambobin a littafi, a maimaita kowane wata.

Kada a sa sabon batir cikin tsofaffi, gama za su gajiyar da shi. A nemi wanda ya yi daidai da su a girma da shekaru.

Abu mafi muhimmanci shi ne inda mataccen batir zai tafi. Cikinsa dalma ce da ruwan asid. Mutanen Sunke sun san abin da dalma take yi. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, har sai da aka kwashe ƙasar gidaje a Sunke, Dareta, Abare da Yargalma, likitocin MSF suka yi wa yara magani. Dalmar batir ita ce dai wannan guba.

Don haka kada a fasa batir, kada a narka dalmarsa, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya. A ajiye shi inda yara ba za su kai ba, a mayar wa mai sayar da batura yadda yake. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.

Muna roƙon dattawan kowace ikilisiya su zaɓi mutum ɗaya da zai riƙe wannan aiki. Ubangiji ya kiyaye 'ya'yanmu.