Koyon Tuƙin Ƙananan Jiragen Sama: Yadda Ake Auna Makaranta Kafin A Zuba Kuɗi

Attajirai da matsakaitan 'yan kasuwa da dama a ƙasar nan suna da burin ganin ɗansu ko 'yarsu a kujerar matuƙin jirgin sama, wasu ƙalilan kuma su da kansu ne ke sha'awar koyon tuƙin ƙaramin jirgi. Ko wanne ne daga ciki, abin da za a kashe ya kai jarin kafa ƙaramar masana'anta, don haka ya cancanci irin binciken da ɗan kasuwa ke yi kafin ya sayi kaya. Abin da ake saye a makarantar koyon tuƙi kuwa shi ne sa'o'in da ɗalibi zai yi a sararin sama, kuma a kan waɗannan sa'o'i ne ya kamata a auna kowace makaranta.

Kusan duk matuƙin da ke jan babban jirgin fasinja a yau, a ƙaramin jirgi mai inji ɗaya da kujeru biyu ko huɗu ya fara. Wanda ya fi shahara a wannan aiki shi ne Cessna 172, ƙirar Amurka, wanda aka fara sayarwa a 1956, kuma an ƙera fiye da 40,000 daga cikinsa. A irin wannan jirgi ɗalibi ke koyon tashi da sauka, da juyawa, da yadda zai ceto jirgin idan gudunsa ya ragu har fukafukansa suka daina ɗaukarsa, da kuma abin da zai yi idan inji ya mutu. Haka zai yi ta maimaitawa har ranar da malami zai sauka ya bar shi ya zagaya filin jirgin shi kaɗai.

Lasin ɗin hawa-hawa ne, kuma ƙungiyar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, ita ce ta shimfiɗa mafi ƙarancin sharuɗɗan da ƙasashe ke bi, har da Nijeriya. Lasin na farko, wanda ake kira PPL a taƙaice, na tuƙin ƙashin kai ne. Yana bukatar shekaru 17 da haihuwa da aƙalla sa'o'i 40 a sama, 10 daga ciki ɗalibin shi kaɗai, har da wata tafiya ta kilomita 270 wadda zai sauka a filaye biyu daban-daban. Mai wannan lasin yana iya ɗaukar iyalinsa ko abokansa, amma doka ta hana shi karɓar kuɗin haya. Wanda ke son ya mai da tuƙi sana'a sai ya nemi lasin na biyu, CPL, mai bukatar shekaru 18 da sa'o'i 200, ko 150 idan a cikakken kwas ne na makarantar da hukuma ta amince da ita. Lasin ɗin zama kyaftin na jirgin fasinja kuwa sai an cika shekaru 21 da sa'o'i 1,500.

Waɗannan alkaluma su ne mafi ƙaranci, kuma a nan ne lissafin mutane da yawa ke karkacewa. A Amurka ma, inda jirage da filaye suke da yawa, akasarin ɗalibai sukan yi sa'o'i 60 zuwa 75 kafin su sami lasin ɗin da doka ta yanka wa sa'o'i 40. Makarantar da ta buga farashinta bisa mafi ƙarancin sa'o'i ba ƙarya ta yi ba, sai dai mai biya ya tambayi nawa za a caje shi a kan kowace sa'a da ta ƙaru, ya kuma tanadi kuɗinta tun farko.

A cikin gida, tsohuwar makarantar da kowa ya sani ita ce Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama da ke Zariya, wadda aka kafa da dokar 1964 tare da taimakon ICAO da shirin raya ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita ta yaye da yawa daga cikin matuƙan tsohon kamfanin Nigeria Airways, kuma Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin haya a Nijeriya, a can ta yi karatu kafin daga baya ta shugabanci kwalejin. Akwai kuma kwalejin da gwamnatin jihar Kwara ta kafa a Ilori, wadda aka buɗe a 2011. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ita ke ba makarantu izinin koyarwa, ita ce kuma ke ba da lasin. Tambayar farko ga kowace makaranta ke nan: ina takardar amincewar hukuma, kuma waɗanne kwasa-kwasai ta ƙunsa? Makaranta tana iya samun izinin koyar da darussan aji kawai, alhali tallarta na ɗauke da hotunan jirage.

Tambaya ta biyu ta fi wuyar samun amsa, domin ba a rubuta ta a takardar talla. Jirage nawa ne makarantar ke da su waɗanda ke tashi a yau, ban da waɗanda ke jibge suna jiran kayan gyara? Malamai nawa ne, kuma ɗalibai nawa ke layi? Lissafin mai sauƙi ne. Mu ƙaddara makaranta tana da ɗalibai 60, kowanne yana bukatar sa'o'i 150, jimla sa'o'i 9,000 ke nan. Idan jirage huɗu ne ke aiki, kowanne yana yin sa'o'i biyar a rana har kwanaki 200 a shekara, abin da za su iya bayarwa sa'o'i 4,000 ne. Kwas ɗin da aka yi alkawarin kammalawa cikin shekara ɗaya da rabi zai zarce shekaru biyu, ko da ba a ɗauki sabon ɗalibi ko ɗaya ba.

Jinkiri kuwa kuɗi ne ta hanyoyi biyu. Akwai na masauki da abinci da ake ci gaba da biya. Sannan tuƙi aikin hannu ne, ɗalibin da ya yi makonni uku bai tashi ba sai ya maimaita darasin da ya riga ya biya. Saboda haka babu abin da ya fi amfani kamar a je makarantar a ranar aiki, a tsaya a ƙirga jiragen da ke tashi, a kuma zanta da ɗaliban da suka kusa gamawa, a tambaye su ranar da suka fara da adadin sa'o'in da ke cikin littafin rajistarsu. Ɗan kasuwar da ba zai sayi buhun shinkafa ba sai ya caka ya ga ƙwayar, bai kamata ya biya miliyoyin Naira bisa hoton da ke cikin takarda ba.

Yanayi ma yana da nasa hannu. Ɗalibin farko da ido yake tuƙi, kuma ƙa'ida ta bukaci ya iya hangen tazarar kimanin kilomita biyar. Hazon hunturu, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, yakan ajiye jiragen koyo kwana da kwanaki a arewacin ƙasar, yayin da hadari da ruwan damina ke cin nasu rabon. Wannan na daga cikin dalilan da ke kai 'yan Nijeriya Afirka ta Kudu da jihohin kudancin Amurka, inda kwanakin tashi suke da yawa a shekara.

Sai batun mai. Ƙananan jirage irin na da suna shan wani fetur na musamman da ake kira Afgas, wanda shigo da shi ake yi, ga tsada ga wuyar samu a Nijeriya. Shi ya sa kwalejojin Zariya da Ilori suka karkata ga jiragen Diamond, ƙirar Ostiriya, waɗanda ke amfani da kananzir ɗin da manyan jirage ke sha, wanda ake samu a manyan filayen jiragen sama. Yana da kyau a tambayi makaranta irin man da jiragenta ke sha, da kuma inda take samo shi.

Ga mai tunanin ƙasar waje, babban haɗarin shi ne canjin kuɗi. Mu ɗauka sa'a ɗaya tare da malami Dala 200 ce, sa'o'i 150 za su kama Dala 30,000. A watan Mayun 2023, lokacin da farashin gwamnati yake wajen Naira 460, wannan bai kai Naira miliyan 14 ba. A farkon 2024, bayan an saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa har Dala ta kai wajen Naira 1,500, kuɗin ya koma Naira miliyan 45, ba tare da makarantar ta ƙara ko sisi ba. Duk da haka, biyan kuɗin gaba ɗaya tun farko ba shi ne mafita ba, domin makarantun tuƙi masu zaman kansu sukan durƙushe kamar kowane kamfani, su tafi da kuɗin ɗalibai. Abin da ya fi shi ne a tanadi Dalar a asusu, a riƙa biya kashi-kashi gwargwadon sa'o'in da aka yi, a kuma rubuta sharuɗɗan mayar da kuɗi a cikin yarjejeniya. Har ila yau, lasin ɗin waje ba ya aiki kai tsaye a kan jirgi mai rajistar Nijeriya, sai NCAA ta tantance shi ko ta sauya shi, wannan ma da nasa kuɗi da lokaci.

Kafin duk wannan, a fara da likita. Lasin ɗin sana'a yana bukatar takardar lafiya mai daraja ta ɗaya daga likitan da hukuma ta amince da shi, inda ake duba zuciya da ji da gani, har da iya bambanta launuka. Kuɗin gwajin kaɗan ne idan aka kwatanta da na makaranta, kuma gara a gano matsala kafin a biya. Haka kuma dole ɗalibi ya ci gwajin Turancin sadarwa a mataki na huɗu daga cikin shida na ICAO.

Abu na ƙarshe da iyaye suka fi mantawa da shi a kasafinsu shi ne abin da ke biyo bayan yaye ɗalibi. A zamanin Nigeria Airways, kamfanin kan ɗauki nauyin horar da matasa sannan ya ba su aiki, amma ya daina aiki a 2003. Yanzu mai sabon lasin ɗin CPL yana bukatar shaidar tuƙi da na'urori kaɗai a cikin gajimare, da ta tuƙin jirgi mai inji biyu, sannan da shaidar ƙwarewa a kan takamaiman samfurin jirgi, kamar Boeing 737 ko Embraer. Wannan ta ƙarshe a na'urar kwaikwayon tuƙi ake yin akasarinta, kuɗinta dubban Daloli ne, kuma kamfanoni da yawa suna son mai neman aiki ya zo da ita. Jihar Kano ta ga wannan a aikace: a wa'adin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙi, kuma da yawa daga cikinsu sun daɗe suna jiran aiki bayan sun dawo da lasin a hannu. Saboda haka wanda zai rubuta kasafin karatun ya buɗe wa wannan shaida layinta daban, tare da kuɗin sabunta takardar lafiya duk shekara da na 'yan sa'o'in da zai riƙa yi don kada hannunsa ya kwanta kafin aiki ya samu.