Daga Gulbin Rima zuwa bakin tekun Lome

Ruwan saman da ke sauka a Gatawa cikin watan Agusta ba a nan yake kwana ba. Yana gangarawa fadama, Gulbin Rima ya ɗauke shi ya bi da shi ta Goronyo, ya haɗe da Gulbin Sakkwato, ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa Kogin Kwara, har ya ƙare a Tekun Atlantika. Tsakaninmu da gaɓar teku mafi kusa akwai kimanin kilomita 800 a miƙe, shi ya sa yawancinmu a waya kawai muka taɓa ganinsa. Amma da yawa daga cikinku za ku tsaya a gabansa wata rana. Wani ci-rani zai kai shi Legas, wata karatu ko hidimar ƙasa, wani kuma fatauci. Matsalar tsaro da ta addabi Sabon Birni da Isa ma ta ƙara yawan matasanmu da ke gangarawa kudu neman abinci. Saboda haka a wannan makon muka ce bari mu leƙa wani birni na bakin teku, mu ga abin da ke jiran baƙo a can.

Birnin shi ne Lome, hedikwatar ƙasar Togo. Mun zaɓe shi ne don dalili biyu. Jiragen ruwan yawon shaƙatawa da ke zagaya Afirka ta Yamma suna yada zango a tasharsa. Sannan ba baƙon gari ba ne ga makwabtanmu na Maraɗi da Madawa, domin kaya masu yawa da ke shiga Nijar ta nan suke sauka, musamman tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023. Kuɗin da ake kashewa a can ma sefa ce, irin wadda kuke gani a kasuwannin kan iyaka.

Otal mai tafiya a kan ruwa

Shi jirgin shaƙatawa otal ne da aka ɗora a kan ruwa, da ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, da asibiti, da wurin wasanni. Ɗaya daga cikin mafiya girma, Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, wato ya fi filin ƙwallo uku a jere, kuma yana iya ɗaukar fasinja 7,600. Irin waɗannan ƙattai sun fi yawo a tsibiran da ke kusa da Amurka. Waɗanda ke zuwa yankinmu ƙanana ne a kansu, suna bi ta Dakar da Tema da Lome da Kwatano. Kuɗin kujera dubban daloli ne, don haka yawancin fasinjojin Turawa ne da suka yi ritaya.

Tsarin tafiyar kusan iri ɗaya ne ko'ina. Jirgi ya yi ta tafiya cikin dare, ya iso tasha da safe, a kwashi mutane a bas a zagaya da su, kafin magariba kowa ya dawo. Wanda ya makara, jirgi ba ya jiransa. A ganinmu wannan gani ne irin na mai leƙe ta katanga. Direban tirelar da ya kwana goma yana jiran a loda masa kwantena ya fi baƙon jirgi sanin Lome nesa ba kusa ba.

Duk da haka, abin da baƙon ke gani a 'yan sa'o'in nan yana da daɗin kallo. Lome na cikin manyan biranen da rairayin teku ya zo har bakin titi. A hannu ɗaya motoci da babura, a ɗaya hannun bishiyoyin kwakwa da yashi shimfiɗe, sai ruwa har iyakar ganin ido. Idan aka bi gaɓar aka yi yamma, ba a fita daga gari ba sai ga shingen iyakar Gana a Aflawo. Gaɓar Togo gaba ɗaya ba ta kai kilomita 60 ba. Da safe masunta kan jeru su yi ta jan taru daga teku da doguwar igiya, suna waƙa don hannu ya zo ɗaya, mata na jira da kwanoni. Ranar Lahadi da yamma kuwa wurin cika yake maƙil da 'yan ƙwallo da masu talla. In ka kasa kunne za ka ji Hausa a bakin mai tsire ko mai sayar da tabarau. Akwai Zango a Lome tun zamanin Jamusawa, sai a 1977 hukuma ta tashe shi daga tsakiyar gari ta mayar da shi arewa, can bayan gari.

Akwai kuma wasu tsofaffin ƙarafa da suka miƙe cikin ruwa, tsatsa ta cinye su. Ragowar gadar saukar kaya ce. Jamusawa suka fara gina irinta a 1904, Faransawa suka yi tasu daga baya. A wancan lokacin manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓa saboda ƙarfin igiyar ruwa. Can nesa suke tsayawa, a zaunar da fasinja cikin wata kujera kamar akwati, injin ɗaga kaya ya sauke shi cikin kwalekwale. Ta gaban wannan gaɓa jiragen da ke ɗauko goro daga Ankara ta Gana zuwa Legas suke wucewa, kuma Alhassan Ɗantata na Kano yana cikin fataken da suka yi arziki da wannan hanya.

Inda ruwa ya yi lumus, nan ne haɗarin

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Jagororin baƙi a Lome sukan gargaɗe su da cewa su yi kallo, su ɗauki hoto, amma kada su shiga. Bature mai jagora yana da wanda zai tsawata masa. Yaron da ya taso a bakin gulbi, wanda ke haye Rima da damina tufafinsa a ka, shi ne zai ce wannan gargaɗi ba da shi ake ba. Shi kuwa ya fi kowa bukatarsa.

Raƙuman ruwan da ke dukan gaɓar Togo da Benin da Legas daga nesa suke tasowa. Guguwa ce ke tayar da su can kudancin Atlantika, su yi tafiyar dubban kilomita ba abin da ya tare su. Kowane ɗaya in ya fashe sai ya jibge ruwa a gaɓa, ruwan nan kuma dole ya koma. Sai ya nemi wani ɗan kwari a cikin yashin ƙasa ya bi da gudu, kamar yadda ruwan sama ke bin kwazazzabo. Wato wani ƙaramin kogi ne a cikin teku, mai gudu daga gaɓa zuwa ciki. An auna irinsa yana gudun da ya kai mita 2 da rabi a daƙiƙa ɗaya, abin da ko zakaran ninƙaya na duniya ba zai iya ja da shi ba.

Yaudararsa ita ce kamanninsa. Dama da hagu ruwa na fashewa da farin kumfa, shi kuwa wurin ya yi duhu, ya kwanta lumus. Baƙo sai ya ce ga wuri mai sauƙi, ya nufi can.

Abin mamaki, dabarar tsira ɗan gulbi ya riga ya san ta. Ba wanda ke haye Rima ta hanyar fuskantar inda ruwa ke fitowa. Yanke shi ake yi a karkace har a kai gaɓa. Bambancin kawai shi ne a gulbi ruwa na gudu ne a gefen gaɓa, don haka in ka nufi gaɓa ka yanke shi ke nan. A teku kuwa wannan ruwa daga gaɓar yake fitowa, in ka nufi gaɓa kai tsaye kokawa kake yi da shi, kuma kai za ka gaji. Ba ya jan mutum ƙasa, ciki yake kai shi, kuma yawanci ba shi da faɗi. Wanda ya faɗa ciki sai ya kwantar da hankalinsa, ya bar jikinsa ya taso, ya yi iyo ta gefe, gabas ko yamma, har ya ji jan ya sake shi, sannan ya juyo gaɓa tare da raƙuman ruwa. In ƙarfi ya ƙare, ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu. Wanda ke tudu kuma kada ya yi tsalle ya bi abokinsa. Ya yi kururuwa, ya jefa masa jarka rufaffiya ko wani abu mai tasowa, ya kira masunta. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto ba da komai a hannu ba shi ma ba ya fitowa.

Wani abin da gulbi bai koya mana ba shi ne teku na cika yana janyewa sau biyu a kwana guda, saboda jan da wata ke yi masa. Inda ka ajiye takalminka a busasshen yashi da azahar, kana iya tarar da ruwa ya shafe wurin da la'asar. Kuma ba ya kashe ƙishi: kowace lita ɗaya tana ɗauke da gishiri kusan giram 35.

Yashi mai tafiya

Rairayin da baƙi ke takawa shi ma matafiyi ne. Igiyar ruwa na tura shi a hankali daga yamma zuwa gabas. Da can Kogin Bolta na Gana ne ke kawo kaso mai yawa daga cikinsa, sai aka datse kogin a Akosombo a 1965, yashi ya riƙa kwanciya a bayan madatsar. A 1968 kuma aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome, doguwar katangarta ta duwatsu ta tare ɗan abin da ke wucewa. Sakamakon haka gaɓar da ke yamma da tashar, wadda baƙi ke yabawa, ta yi ta faɗi, ta gabas kuma teku ya yi ta ci. Ya cinye gidaje da gonakin kwakwa da tsohuwar hanyar mota zuwa Aneho, har sai da aka gina wata can ciki. Tashar da ke karɓar jirgin shaƙatawa, take kuma sauke shinkafa da motocin da ke zuwa Maraɗi, ita ce ta jawo wa ƙauyukan masunta wannan asara. Haka ta faru a Legas. Katangun da Turawa suka gina a bakin tasha farkon ƙarni na 20 suka hana yashi isa Bar Beach, teku ya riƙa hawowa titi, yau kuma wurin an cike shi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic.

Mai son ganin Lome ba sai ya jira kuɗin jirgin ruwa ba. Daga Legas ta Seme da Kwatano tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, kuma ɗan Najeriya ba ya bukatar biza, sai fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS.

Wanda ba zai samu zuwa yanzu ba kuma, ya tambayi malamin labarin ƙasa game da duwatsun yankinmu. Masana sun gano cewa kusan shekaru miliyan 70 da suka wuce teku ya ratso ta Sahara ya rufe ƙasar Sakkwato. Farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, daga ɓawon halittun teku ya samu. A nan makwabtanmu kuma aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai dogon kai irin na kada, waɗanda suka riga suka zama dutse. A 1972 masu bincike suka raɗa mata suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo, kuma da wannan suna aka san ta a duniya har yau.