Fagge Da Sabon Gari: Ƙasar Baƙi Da Nauyin Da Ke Kan Masu Riƙonta

A wannan mako za mu fita daga birnin Kano ta Ƙofar Mata, mu leƙa ƙasar da mutanen da suke kira Waje, watau Fagge da Sabon Gari, don mu ga girmanta da yawan mutanenta da yadda ake riƙonta.

Duk faɗin Ƙaramar Hukumar Fagge bai wuce murabba'in kilomita 21 ba. Daga yamma ta yi iyaka da Dala, daga kudu da Birni da Kewaye, daga gabas da Nasarawa, daga arewa kuwa da Ungogo. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, babu dutse irin na Dala, ruwanta kuma yana gangarawa ne zuwa rafin Jakara. A zamanin da, wurin fili ne a bayan ganuwa. Masana tarihi na danganta kafuwar Fagge da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, sa'ad da ayarin Buzaye da fataken hamada ke sauke raƙumansu a nan kafin su shiga kasuwar Kurmi. Ashe tun fil'azal masaukin baƙi ne.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso a 1911, sai baƙin suka sake kama. Kwarori 'yan Sham suka kafa kantuna a gefen Fagge, wurin da har yau ake kira Kantin Kwari. A 1913 aka yanka filin Sabon Gari domin akawuna da leburorin jirgi da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Turawa suka riƙe unguwar a hannunsu, suka raba ta da ikon Sarki, har 1940, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da aka mayar da ita ƙarƙashin En'e ta Kano, Wakilin Waje yana duba al'amuranta. Wannan rabewa ta shekaru 27 ta bar baya da ƙura, don maƙwabta sun tashi ba su san juna ba. A watan Mayu na 1953 rikici ya ɓarke tsakanin unguwannin biyu, aka rasa rayuka 36 bisa lissafin hukuma, a 1966 kuma aka ga abin da ya fi wannan muni.

Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ikon En'e ya ƙare. Yanzu Fagge ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, tana da mazaɓu goma, cikinsu har da Kwaciri da Rijiyar Lemo da Sabon Gari ta Gabas da ta Yamma. Riƙon nata kuwa hannu biyu ne. Ga shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli masu kula da haraji da kasuwa da shara, ga kuma hakimi da dagatai da masu unguwanni waɗanda ke sulhunta jama'a, suna shaidar wane ne wane.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Ƙidayar 2006, wadda ba a sake yin wata ba tun daga ita, ta sami mutum wajen 200,000 a Fagge, watau fiye da mutum 9,000 a kowane murabba'in kilomita. Amma ƙidaya masu kwana take ƙirgawa, ba masu wuni ba. Da hantsi ya yi, sai jama'a su kwararo daga Birni da ƙauyuka, har daga Maraɗi da Damagaram da Chadi, su cika Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari. Magudanar ruwa da hanya da famfon da aka tsara don masu kwana, su ne ke ɗaukar nauyin masu wuni. Mun ga sakamakon haka a gobarar da ta cinye dubban rumfuna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a damunar 2022.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, amma raɓar Waje ta fi shekara ɗari rana ba ta ɗauke ta ba. Akwai Bayarabe da Ibo waɗanda a Sabon Gari aka binne cibiyar kakanninsu, Hausarsu kuwa ba ta da gyara. Wanda ya karɓi harajin mutum, to, ya ɗauki amanar tsare ransa da dukiyarsa, ko daga ina kakansa ya fito, haƙƙin maƙwabtaka kuma bai san ƙabila ba.

Saboda haka muna kira ga hukuma da ta sake ƙidayar jama'a, ta yi lissafi da masu wuni wajen tsara ayyuka, ta kuma hana gini a kan magudanar ruwa da hanyar motar kashe gobara. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, ya zaunar da mu lafiya, amin.