Rage Ma'aikata A Jiragen Ruwan Yaƙi: Lissafin Da Ya Ba Amurka Wuya

Duk mai masana'anta ya san cewa albashi kuɗi ne da ba ya yankewa, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Haka al'amarin yake ga Rundunar Mayaƙan Ruwa ta Amurka, wadda jirginta guda samfurin Arleigh Burke kan ɗauki sojoji kimanin 300, kowannensu da albashi da abinci da magani da fansho, har tsawon shekaru 30 ko fiye da jirgin zai yi yana aiki. Wannan ne ya sa cikin 1996 rundunar ta soma gwajin rage mutane a jirgin Yorktown, inda na'urori masu ƙwaƙwalwa suka karɓi wasu ayyuka.

Kafin a rage, sai an yi lissafi. Masana kan jera kowane aiki na cikin jirgi, tun daga gadin dare har gyaran inji da dafa abinci, su rubuta mintocin da yake ci da yawan maimaituwarsa. Daga nan kwamfuta ta kwaikwayi tafiyar makonni a teku, domin a ga inda aiki zai taru a kan mutum ɗaya. Ɗaya daga cikin irin waɗannan tsare-tsare shi ne IMPRINT, wanda sojojin ƙasa na Amurka suka ƙirƙiro. Ita kuwa rundunar, takan raba jimillar awoyin aikin da abin da aka ƙiyasta soja ɗaya zai yi a mako, wanda a 2017 awa 70 ne. Abin da ya fito shi ne adadin ma'aikata.

Sai dai lissafi ba ya sanin abin da ba a gaya masa ba. An tsara ƙananan jiragen Littoral Combat Ship da ainihin ma'aikata 40, amma tilas ta sa aka ƙara su zuwa 50. Shi ma Zumwalt, da aka yi burin ya tafi da mutum 95, ya shiga aiki a 2016 da kusan 150.

Inda ya kamata 'yan kasuwa su lura shi ne rahoton da ofishin binciken kuɗi na Majalisar Dokokin Amurka, wato GAO, ya bayar a 2017. Ofishin ya gano cewa ba a sa aikin da ake yi lokacin da jirgi ke tsaye a tasha cikin lissafin ba, kuma hauhawar kuɗin gyara ta cinye abin da aka tsimi daga albashi. Dalili a fili yake: ƙaramin gyaran da babu hannun da zai yi shi yau, ɗan kwangila ne zai yi shi gobe da tsada.

A wannan shekarar ce jiragen Fitzgerald da John S. McCain suka yi karo da jiragen 'yan kasuwa, sojoji 17 suka rasu. Binciken rundunar ya ambaci gajiya cikin musabbaban, kuma GAO ya shaida wa Majalisa cewa wasu sojojin na yin aikin sama da awa 100 a mako.