Kanwa, Tsami da Sabulu: Bambanta Haɗuwar Sinadarai

A Ɗan Barto, garin da ke kan iyakar Nijar da Najeriya kudu da Matameye, kanwa da tsamiya da toka kayan yau da kullum ne, kuma a cikinsu ake ganin aikin abin da masana kimiyya ke kira asid da kishiyarsa alkali. Asid shi ne sinadarin da ke sakin ƙwayar haidurojin idan ya narke a ruwa, alkali kuwa shi ke karɓarta. Asid na halitta kuma shi ne wanda aka gina kan kabon, kamar tatarik na tsamiya da laktik na nono, waɗanda Carl Wilhelm Scheele ya ware a ƙasar Suwidin a 1769 da 1780.

Haɗuwa mafi sauƙin ganewa ita ce kashe tsami. Idan mai girki ta tsiyaya jiƙaƙƙiyar kanwa cikin yakuwa, nan take tukunya takan taso da kumfa, domin kanwa tana ɗauke da kabonet, wanda haɗuwarsa da asid ke haifar da wani nau'in gishiri da ruwa da iskar kabon dayoksaid. Launi ma shaida ne, tun da jan ruwan zoborodo yakan rikiɗe ya yi duhu da zarar kanwa ta rinjayi tsaminsa.

Sai dai kumfa ba ita ce ma'aunin kashe tsami ba. Ƙarnin kifi yana fitowa daga amin, wato alkali na halitta mai ɗauke da naitirojin, kuma idan aka matsa masa lemun tsami sai amin ɗin ya zama gishiri wanda ba ya tashi cikin iska, ƙarnin ya kwanta ba tare da kumfa ko kaɗan ba.

Dafa sabulun salo kuwa, ko da yake da ruwan toka, wanda shi ma alkali ne, ake yinsa, wani abu ne dabam, kuma a nan ɗalibai suka fi ruɗewa. Man gyaɗa ba shi da tsamin da za a kashe, domin asid ɗinsa a ɗaure yake da gilisarin, kamar yadda Bafaranshe Michel Chevreul ya bayyana a 1823. Dole alkali ya fara tsinke wannan ɗaurin kafin sabulu ya samu, shi ya sa, saɓanin aikin da kanwa ke gamawa cikin ƙiftawar ido a tukunyar miya, dafa sabulu yake cin sa'o'i ana iza wuta ana juyawa da muciya.